Yadda Aka Mayar wa Yayata da Jikinta

A gidanmu na Kebbe da damtse ake auna aure. In mace ta zo ganin gida daga ɗakin mijinta, kafin a tambaye ta lafiyar yara sai Gwaggo ta kama damtsenta ta matsa. In hannunta ya cika, to mijin mutumin kirki ne, ko da kuwa da zagi yake tashin matar kullum safiya. In ta ji ƙashi kuwa an shiga uku, ranar sai an tono laifin surukan tun daga kakanninsu. Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu ni da Yaya bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka in ta yanke magana a kanmu babu mai sake ɗaga ta.

Yaya ce abin alfaharinta. An kai ta Tambuwal gidan wani Alhaji mai fataucin shanu, kuma tun daga haihuwar fari ta fara buɗewa, ba ta tsaya ba. Ta kai ga in za ta shiga mota sai an bar mata gaba ita kaɗai. In ta shigo gidan biki mata su yi ta tubarkalla, a janye mata tabarma mafi faɗi, Gwaggo na gefe tana hura hanci kamar ita ta ƙera ta. Ni ina koyarwa a wata firamare a nan Tambuwal, unguwarmu ɗaya da Yaya, don haka ni nake ganin abin da masu tubarkalla ba sa tsayawa su gani. Daga ɗakinta zuwa madafi sai ta huta a hanya. Gwiwoyinta sun ƙi, har salla ta koma yi a kan kujerar roba.

Ciwon sukari ya shigo mata a hankali. Da fari ƙishirwa ce da yawan zagayawa, aka ba ta ƙwayoyi. Ƙwayoyi suka gaza, aka koma allura safe da yamma. Daga baya idonta ya fara hazo, sannan ta yi tuntuɓe da turmi a tsakar gida, ɗan ciwon da yaro zai yi ya manta kafin la'asar, nata ya zama gyambo a babban yatsa ya ƙi rufewa. Masu shawara kuwa ba su bar ƙofar gidan ta huta ba. Wannan ta kawo shuwaka, waccan ta kawo garin hulba, wata ta zo da jarkar jiƙo daga wurin mai lasifika na kasuwa. Duk cikinsu babu wadda ta taɓa ce mata ta rage jiki. Su kawo mata abu mai ɗaci, su zauna su taya ta cinye tuwon rana da man shanu, su tafi suna jin sun yi zumunci.

Wani likita a Sakkwato, mutum mai gajeriyar magana, shi ya fara faɗa mata gaskiya. Ya ce in nauyin nan bai sauka ba, ko ƙafa ta tafi ko ƙoda, sai dai a jira a ga wadda za ta riga. Yaya ta gwada, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ci acca, ta ci alkama, ta ci kwaɗon zogale har ta tsani ganin bishiyar. Jikin ya ɗan sauka, ya sake komawa. Sai likitan ya ce akwai aiki da ake yi wa masu irin jikinta da irin ciwonta, a rage tumbi, kuma da yawa sukarinsu kan sauka bayan aikin. Ya tura mu wani asibiti a Abuja. Ni na bi ta jinya, Alhaji ya sayar da shanu bai yi ƙorafi ba. Wannan kam na yaba masa, don nan gaba ba ni da abin da zan yaba masa.

A can wata likita mace ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce akwai hanyar da ake zura wani abu kamar balan-balan cikin tumbi ya tare wuri, bayan wasu watanni a cire. Akwai wadda ake yanke mafi yawan tumbin a fitar, a bar siriri. Akwai kuma wadda ake ɗinke ɗan aljihu a saman tumbin a jona shi da hanji can ƙasa, abinci ya riƙa tsallake hanya. Ta ce biyun ƙarshe su suka fi taimakon mai sukari, kowace da wahalarta, kuma kowace sai an riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da na gina jiki ana dawowa ana duba mutum. Ta ja mana kunne ƙwarai a kan abu guda. Ta ce tuwo da nama ba za su shiga da yawa ba bayan aikin, amma abu mai ruwa-ruwa mai zaƙi ko mai maiƙo zai wuce sumul, kuma shi ke rushe aikin.

Yaya ta saurara har ƙarshe. Na zaci za ta tambayi zafi ko haɗari. Sai ta ce, "Likita, in anka yi, zan iya kai goshina ƙasa?"

Likitar ta ce da yardar Allah. Yaya ta zaɓi ta biyu, ta ce ita dai kada a taɓa mata hanji.

Aka yi aiki lafiya. Ta fara da kurɓar ruwa, ta koma romo marar maiƙo, ta koma abinci mai laushi a ɗan faranti irin na yara. Muka dawo Tambuwal. Cikin watannin da suka biyo baya na ga abin da ban zaci zan gani ba. Aka rage mata allura, aka sake ragewa, aka daina gaba ɗaya, ta koma ƙwaya guda. Gyambon ya bushe ya rufe. Wata ranar Asabar ina wanki sai na ji sallama, na ɗaga kai na ga Yaya tsaye a ƙofata, ta tako da ƙafarta tun daga gidanta, babu haki. Da azahar ta yi ta karɓi dardumata ta yi sallarta a tsaye, ta yi sujada ta daɗe ba ta ɗago ba. Na yi kuka ranar, kukan daɗi, kuma ban ɓoye ba.

To amma jiki ya zube, kuma ba a ɓoye zubewar jiki irin na Yaya. Fatar damtsenta ta saki tana reto, wuyanta ya fito, rigunanta suka koma kamar na aro. Nan fa mutanen gari suka sami abin yi. Matan da ba su taɓa cewa uffan ba lokacin da ƙafarta ke ruɓewa, yanzu su ne masu tausayi. A wani gidan suna na ji da kunnena wata na cewa Alhaji ya karye, abinci ya gagari gidan. Wata ta ce a'a, ciwon nan ne da ba a faɗin sunansa, shi ya sa aka tafi Abuja a ɓoye. Wata tsohuwa ta rantse sammu ne, ta ma san inda aka binne shi. In Yaya ta shigo sai su sassauta murya su karkata kai. "Sannu, Hajiya. Ƙaƙa jikin? Allah shi ba da lafiya." Mace ta warke, a karon farko cikin shekaru, sannan aka fara yi mata sannu.

Alhaji shi ya fara karaya. Namiji mai tsayawa gaban bijimi a kara, kasuwar shanu, ashe ba zai iya tsayawa gaban bakin 'yan'uwansa dillalai ba. Suka riƙa tsokanarsa cewa mai kiwon shanu ya kasa kiwon matarsa. Ya fara shigowa da ƙunshin tsire da balangu yana ajiye mata, in ta ci yanka biyu ta ture sai ya ɓata rai. Ya ce mata, a gabana, "Ni ban ce a mai da ke haka ba. Cewa nic ce a yi maki magani." Na tuna masa yana zaune a wurin aka yi bayani. Ya ce shi lokacin hankalinsa na kan waya.

Labari ya kai Kebbe, kamar yadda kowane labari ke kaiwa ranar kasuwa. Gwaggo, wadda in an ce ta zo Tambuwal sai ta yi ta kukan bayanta da rashin kyan hanya, ta hau bayan babur ta taho. Ina gidan ta iso. Ta yi sallama, Yaya ta fito da murna za ta tarbe ta, Gwaggo ta dube ta ta dubi bayanta tana neman matar gidan. Da ta gane, sai ta saki ƙullin kayanta ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Ɗiyata, mi yas same ki? Wa yam mai da ke haka?"

"Lafiyata lau, Gwaggo. Aiki anka yi min, sukarin ya sauka."

Gwaggo ta kama damtsenta, fata ta cika mata hannu babu komai a ciki. Ta saki da sauri. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai sauti, har maƙwabta suka leƙo. Da Alhaji ya shigo ya durƙusa gaishe ta, ko amsawa ba ta yi ba.

"Haka munka ba ka ita? In ka gaji da ciyarwa ba sai ka faɗi ba? Gidanmu ba a rasa gero ba, ba a rasa nono ba."

Ya fara kame-kame yana cewa likitoci ne. Ta ce ita ba ta san likita ba, shi ta sani. Ta ce za ta tafi da ɗiyarta gida ta mayar mata da jikinta. Al'ada ce tamu, ba Gwaggo ta ƙirƙiro ba. Mace in ta yi doguwar jinya ko haihuwa mai wuya, danginta kan ɗauke ta su kai gida, a yi ta ɗura mata har ta murmure, sannan a maido ta ɗakinta tana sheƙi, kowa ya shaida tana da gata. Na dubi Alhaji ina jiran ya ce a'a, tunda ya san abin da aka yanke da abin da aka gargaɗe mu. Wallahi sauƙi na gani a fuskarsa. Ya ce duk yadda Gwaggo ta ce haka za a yi.

Na ce, "Gwaggo, ramar ga ita ta maganin. Don ita anka yi aikin. In ta koma yadda take, ciwon shina dawowa."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke rufe min baki da bokonki. Yaushe rama taz zama magani? Ke kin taɓa ganin saniya mai lafiya da haƙarƙari waje?"

Na bi Yaya ɗaki tana haɗa kaya. Na ce ta ƙi zuwa. Ta ce, "Ni in ce ma Gwaggo a'a? Matar da tag goya mu? Kwana kaɗan na, in ta huce in dawo. Ai ko ta ba ni ba shi shiga." Tana dariya ta faɗa, tana shafa cikinta. Ta dogara da ɗinkin likita, ta manta wace ce Gwaggo.

Da aka yi hutun makaranta na bi su Kebbe. Na tarar da Yaya a ɗakin Gwaggo kan sabuwar tabarma, an jera mata ƙore a gefe an rufe da faifai. Matar wani ƙanenmu da ke gidan ce ta ba ni labarin farkon zuwan. Ta ce an tuƙa tuwon gero da miyar kuka da kaza, Gwaggo ta tsare ta sai ta ci, ta ci loma kaɗan ta amayar. Aka sake washegari, ta sake amayarwa. Da wata uwar ce, nan za ta tsorata ta ƙyale. Gwaggo kuwa sai ta zauna ta yi nazari, don ba wawuya ba ce, da ma wawuya ce da Yaya ta tsira. Ta lura tuwo ne ba ya zama, amma fura in an dama ta da ruwa-ruwa tana wucewa. Sai ta ajiye tuwo. Ta sa Fulanin da ke bayan gari su riƙa kawo kindirmo kullum da safe. A dama fura da shi, a tace. A dama kunun gyaɗa a narka man shanu a ciki. Ba a ba ta da yawa lokaci guda, ludayi ɗaya ne, a ɗan jima a ƙara wani, tun daga hantsi har magariba. Abin da likitar Abuja ta ce shi ke rushe aikin, shi Gwaggo ta gano da kanta ba tare da ta taɓa shiga aji ba, kuma ta yi alfahari da ganowar.

Na ɗanɗana furar na ji zaƙi har cikin kaina. Na ce, "Gwaggo, sukari kika sa ma mai ciwon sukari?"

Ta ce, "Kin gani? Kullum ke ɗaukata kika mahaukaciya. Ko ƙwaya ban sa ba. Zuma ta, tsantsa, daga amya. Zuma ko magani ta, kowa ya sani."

Na yi bayani har muryata ta dushe cewa jini bai san bambancin zuma da sukari ba. Matan gidan suka dube ni kamar na yi saɓo. Na tambayi abin gwajin da Yaya ke tsaga yatsa da shi ta ga inda sukarinta yake. Gwaggo ta ce ta ɗauke ta adana, yarinyar da ba ta da jini ba za a riƙa tsiyaye ɗan wanda ya rage ba.

Ba Gwaggo kaɗai ba ce. Duk gidan da muke da dangantaka da shi a Kebbe, har da na ƙauyen Fakku, sai da ya aiko da ƙwaryarsa, kuma ƙwaryar dubiya ba ta komawa da saura, in ta koma an raina mai ita. Wasu ma ba sa aikowa, da kansu suke zuwa su zauna su ga an sha. Ina kallo wata kakarmu ta wajen uwa ta riƙe wa Yaya ludayi a baki tana lallashinta kamar jaririya, Yaya na kurɓa tana lumshe ido.

Da muka keɓe na ce wa Yaya ta tashi mu tafi yau. Sai ta ce, "Ke ba ki san yadda abin yake ba. Da in na shiga wuri murna aka yi. Yanzu kowa tausayina shika ji, yara na gudu na. Jiya Gwaggo ta taɓa hannuna tac ce na fara dawowa mutum. Wallahi sai nij ji daɗi." Na ji haushinta ranar, haushi mai tsanani, na kuma ji tausayinta fiye da haushin. Na koma Tambuwal ni kaɗai. Na sami Alhaji na ce ya je ya ɗauko matarsa, ya ce shi ba zai shiga tsakanin ɗiya da uwarta ba. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, babu wanda ya tuna sai ni.

Sai bayan kaka aka maido ta. An yi mata lalle da kitso, kumatu sun ciko, damtse ya fara tauri. Gwaggo da kanta ta rako ta cikin motar haya da buhun gero da galan na zuma. Matan unguwa suka cika gidan, har guɗa aka yi. Waɗanda suka ce sammu ne suka ce an karya shi, waɗanda suka ce Alhaji ya karye suka ce Allah ya buɗa masa. Shi kuma ya ɗinka mata atamfofi sababbi, ya koma kara yana taku da ƙarfi.

Tumbin da aka rage ya saba, ya buɗe gwargwadon iyawarsa, ita ma bakinta ya saba. Kowace ranar kasuwa jarkar kindirmo na isowa daga Kebbe. Ba ta koma girmanta na da ba, amma ta koma inda ciwon ke jiranta. Ƙishirwa ta dawo, aka koma allura. Da na kai ta wurin likitan Sakkwato ya dubi sakamakon gwaji ya dube ta, bai yi faɗa ba, ya dai tambaya a hankali me ya faru. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce gida ta je.

Shekarun da suka biyo baya ba na son tsawaita su. Ƙoda ce ta riga. Ƙafafunta suka kumbura, hannuwa suka bi, fuska ta yi suntum har idanunta suka shige. Kuma ina rantsuwa da Allah, a cikin wannan halin mata na shigowa dubiya suna cewa, "A'a, Hajiya, ai jiki ya yi kyau, tubarkalla." Ruwa ne ya taru a jikinta don ƙoda ta daina fitar da shi, su kuwa ƙiba suke gani. Muka yi ta zaryar Sakkwato wankin ƙoda, a tafi da ita a kwance a dawo da ita a kwance. Ta rasu wata ranar Laraba da hantsi, kanta a kan cinyata, a bayan mota kan hanyar Sakkwato, ba mu kai garin Dogon Daji ba.

Ni da Gwaggo muka yi mata wanka, ita tana wankewa ni ina zuba ruwa. Duk inda Gwaggo ta dafa a jikinta sai wurin ya loɓa, shatin yatsun ya zauna bai taso ba. Gwaggo na kuka, kukan gaskiya, don ta so Yaya fiye da yadda ta so kowa a duniya, kuma wannan bai rage mini komai daga abin da nake ji game da ita ba.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta muna zaune a tsakar gida, mata sun cika ko'ina, sai ƙanwar Alhaji ta shigo daga zaure. Ta ce maza na ta magana a waje, wai makarar ta yi nauyi, sai da aka yi ta canja kafaɗa kafin a kai. Gwaggo ta ɗago kai. Ta share hawayenta da bakin mayafi, ta gyara zama, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

"To, alhamdulillahi," ta ce. "Ko ba komi, ba mu mai da ita ga Ubangijinta a rame ba."

Matan suka ce ƙwarai kuwa, Allah ya saka mata da alheri. Wata ta miƙo mata ruwa ta sha.